Akwatin Da Goggo Ta Ba Da Aro

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu. Kafin wani ya fara yi min faɗa a ƙasan rubutun nan, bari in faɗa da bakina: ba wanda ya yi min dole. Ni na ga Khalil na ce ina so, ni na kawo shi gida, ni na yi ta rawar kai a kansa har ƙawayena suka koma kirana Madam Khalil tun ba a kawo kuɗin gaisuwa ba.

Sunana Juwairiyya. A Matsango nake cikin Azare, ina koyarwa a wata 'yar firamare mai zaman kanta. Shekaruna sun kai inda in an haɗu a gidan suna sai wata ta dafa kafaɗarki ta ce "Allah Ya kawo naki," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu. Babana ya rasu, gidan ya koma hannun yayarsa Goggo Jumai, macen da in ta buɗe baki a tsakar gida har maƙwabta sai sun rage rediyo. Ummana kuwa shiru-shiru ce, komai aka ce sai ta ce to.

Khalil dogo ne, wankan tarwaɗa, da ɗan tabo a gefen gira. Kullum cikin shadda mai maiƙo da hula zanna, ƙamshinsa kan riga shi shigowa zaure. Motarsa baƙa ce mai duhun gilashi. Na taɓa tambayarsa sana'arsa, ya yi dariya ya ce, "Ina kai kaya bakin iyaka, ina dawowa da kaya." Na ce wane irin kaya? Ya ce, "Duk abin da mutane ke buƙata." Ni kuma sokuwa na yi fari da ido, na ji daɗi wai zan auri ɗan kasuwa.

Ranar da danginsa suka kawo lefe, unguwarmu ta cika. Akwatuna shida ruwan toka, daga babba har zuwa ƙaramin kit. Lesuka, atamfofi, mayafai, takalma kowane da jakarsa mahaɗi, sarƙa da ɗan kunne, kayan shafa da ban ma iya karanta sunayensu ba. Da aka gama kallo aka watse, aka jera su a ɗakin Goggo, tunda lefe na dangin uba ne su ajiye.

Bayan 'yan kwanaki ya zo da la'asar, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Goggo.

"Goggo, ai akwai babba guda da ba ta ga kayan nan ba," ya ce. "Kaka Meram ta Machina."

Kaka Meram ita ta haifi Umma. Ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, tana can Machina dab da bakin iyakar Nijar.

"Ni zan ba da bas da direba," ya ci gaba. "Ku cika ta da mata, ranar Asabar ku bi ta Katagum ku je ta sa albarka. Roƙona ɗaya, kar a juye kayan a buhu. A kai su cikin akwatunansu yadda aka kawo, ta ga martabar jikarta."

Goggo ta rangaɗa guɗa har sai da kaji suka watse. Umma ta juya baya tana share hawaye da bakin zani. Ni kuwa ji na yi duk duniya ba macen da ta kai ni dace.

Ranar Laraba na shiga kasuwa sayen turaren wuta da humra. Na tsaya a rumfar wata mai niƙabi, tana ɗura min turare a kwalba ni kuma bakina bai zauna ba. Kun san amarya, ko ba a tambaye ta ba sai ta ba da labari. Na ce ta zaɓo min mai kyau, angon nawa ɗan gayu ne, Alhaji Khalil.

Hannunta ya tsaya cak.

"Khalil mai baƙar mota? Mai tabo a gira?"

"Kin san shi ne?"

Ta dubi hagu da dama, sannan ta ce a hankali, "Wane gari ya ce a kai lefenki?"

Ni kuwa ban yi mata maganar lefe ba ko kaɗan. Ta kama hannuna ta ja ni bayan rumfar, inda aka tara buhunan itacen turare, ta ɗage niƙabin.

Jama'a, har yanzu in na rufe ido ina ganin fuskar nan. Yarinya ce ba za ta girme ni ba. Muƙamuƙinta ya karkace gefe guda, haƙoran gaba babu, idonta na hagu ya shanye ba ya buɗuwa duka.

"Sunana Humaira," ta ce. "Nawa Maigatari aka ce a kai, wai a nuna wa yayar mahaifiyata. Ki yi tunani mana. Mota cike da mata, hannu duk lalle, ana guɗa. Wane jami'i ne zai tsaya a kan hanya ya cusa hannu cikin kayan ciki na amaryar wani? Mai kunya ba zai iya ba. Marar kunyar kuma an riga an gaishe shi tun daga sama."

"Me ke cikin akwatin?"

"Ba a ciki yake ba, a ƙarƙashin shafin yake. Ni na gani tun kafin a tafi. Wautar da na yi, sai na tambaye shi." Ta taɓa muƙamuƙinta. "Yaransa suka tare ni a hanyar islamiyya da rana tsaka. Da aka kai ni asibiti aka ce acaɓa ne ya kaɗe ni. Babana ya kai ƙara, aka yi ta juya shi yau da gobe har ya gaji. A gari kuma aka baza cewa an fasa aurena ne don an kama ni da wani."

Ta saki niƙabin, ta miƙo min kwalbar.

"Je ki taɓa da hannunki. Amma don girman Allah kar ki tambaye shi komai."

Ba zan ɓoye muku ba, a cikin keke napep ɗin da na hau zuwa gida cewa nake a raina tsohuwar budurwa ce, baƙin ciki ke cin ta. Na yi ta faɗa wa kaina haka. Sai dai baƙin ciki ba ya karya wa mutum haƙora, kuma na san da hakan.

Na tarar Goggo ta tafi barka. Na tura ɗakinta, na yaye zanin gadon da ta lulluɓe akwatunan da shi, na jawo babban. Na kwashe lesukan na zube a kan gado, na danna ƙasan da tafin hannu. Wani ƙaras-ƙaras na ji. Na ɗauko reza a kan kabad na farke ɗinkin ta kusurwa, na zura yatsu.

Katunan ƙwaya ne, a jere, an naɗe su da leda an shimfiɗe lif. Tiramol. Na san shi sarai, don fankon katinsa muke sharewa kullum a bayan katangar makarantarmu, inda samari ke zama su yi ta layi. Na zauna daɓas a kan ledar ɗakin. Na danna na biyu, haka. Na uku, haka. A nan ne na lura da abin da ya fi komai tayar min da hankali: akwatunan biyar ne. Na tsakiya ba ya nan.

Ina cikin mayar da kaya Goggo ta yi sallama.

"Ke kuma fa? Amarya ba ta gajiya da kallon kayanta?"

"Goggo, ina akwati ɗaya?"

Ta yar da mayafi, ta leƙa waje, ta dawo tana dariya ƙasa-ƙasa. Ɗanta Babayo, wanda ke tuƙa keke napep, shi ma aure zai yi. Sadiya zai aura, 'yar Disina, aminiyata tun muna kwaleji, ni ma na haɗa su. Ranar Lahadin da ta wuce aka kai nasa lefen.

"Akwatunan yaron nan fa sai ka ce na mai tafiya makarantar kwana," in ji Goggo. "Na ce wallahi ba za a raina min ɗa a Disina ba. Na juye kayan na tsakiyan nan cikin sauran, na zuba nasa a ciki. Da kin ga yadda ya haska lefen! Sadiya ta sani, bayan biki za ta dawo da shi a ɓoye."

"Goggo, ranar Asabar fa za a je Machina."

"To sai me? Tsohuwar da ba ta gani sosai ita za ta tsaya ƙirga akwati? Shi kuma namiji ina ruwansa da lissafin lefe? Aro ne, 'yar nan, kowa na yi. Ni da kike gani, lefen aurena har ɗankwalin ciki na aro ne."

Ban gaya mata komai ba. Abin da Goggo ta ji da azahar, kafin la'asar ya isa tasha. Na wuce madafa wajen Umma, na same ta tana tankaɗe. Na tsuguna na faɗa mata duka, tun daga Humaira har rezar.

"Umma, taso ki gani da idonki."

"Ba zan gani ba."

"Umma..."

"Na ce ba zan gani ba!" Tunda nake ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. Ta ajiye rariyar. "An raba kati, an fitar da anko, duk dangi sun ji. Kuma in abin da kika faɗa gaskiya ne, mutumin da ya yi wa 'yar mutane haka, me zai yi mana in muka ce mun fasa? Gidan nan ba namiji sai Babayo. Je ki ɗinke inda kika farke. A kai, a dawo, daga baya mu roƙi Allah mafita."

Na ji haushinta a lokacin, amma da na kalli idonta sai tausayi ya kama ni. Ba kwaɗayi ba ne, tsoro ne zalla. Na koma na ɗinke da baƙin zare.

Washegari ina cikin aji saƙonsa ya shigo.

"Amaryata, turo min hoton akwatunan a jere. Direba na so ya san ko sai an cire kujerar baya."

Na yi kamar ban gani ba. Can wani ya biyo: "Ina jira."

Da na koma gida na jera su, na ɗauki hoton ta gefe yadda babban zai kare sauran. Ko ajiye wayar ban yi ba ya amsa.

"Ina na tsakiya?"

"Tayarsa ce ta karye, na kai gyara."

"Wajen wa?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Kafin in tura komai ya sake rubutowa: "Gani nan zuwa."

Na gaya wa Goggo ango ya lura da akwatin. Nan take kunya ta rufe ta, ta shige ɗaki ta ce in ya tambaya a ce ba ta nan. Goggo gara ta mutu da ta amsa a gaban suruki cewa ta ba da aron kayansa.

Da la'asar ya iso. Na sa doguwar riga ta atamfa, na zumbula hijabi har ƙasa, na shiga motar. Sanyin ciki ya ratsa ni. Ya miƙo min ledar gasasshiyar kaza kamar kullum, yana murmushi kamar kullum. Sai ya kama hannuna. Tunda muke da shi bai taɓa ko yatsana ba, har yabonsa nake a kan haka.

"Juwairiyya, ni fa ba na son ƙarya."

"Wallahi wani mai gyara na ba a kasuwa. Ya rufe rumfa ya yi tafiya, an ce gobe zai dawo."

Ya fara lanƙwasa yatsana mai zobe zuwa baya, a hankali, murmushin bai bar fuskarsa ba. Azaba ta hau min har kafaɗa. Na cije leɓe don ga yara na wasa a jikin motar, ga mai kayan miya yana wucewa da baro, ba wanda ke ganin ciki.

"Akwatin nan ba nawa ba ne ni kaɗai," ya ce. "Akwai masu shi, kuma su ba su san wata soyayya ba. Gobe kafin a sauko daga masallaci ina so in gan shi a ɗakin Goggo. Kin ji ko, amaryata?"

Na gyaɗa kai. Ya sake ni, ya gyara min bakin hijabi, ya ce in gaida Umma.

Ina shiga gida na kira Sadiya. Na ce don Allah ta san yadda za ta yi ta ba Babayo akwatin ya dawo da shi, an tashi neman sa.

"Kai ƙawata, da wuri haka?" ta ce. "Ai babanmu ya kulle lefen duka a ɗakinsa na soro, ya tafi Misau ta'aziyya da makullin a aljihu, sai Asabar zai dawo. Daga ni sai Inna da ƙannena a gidan. Kuma ko yana nan, in ce masa me? In ce na aro ne? Ki rufa min asiri mana."

Na buɗe baki in gaya mata gaskiya, na kasa. Ta yaya za ki ce wa amarya a waya an ajiye mata ɗaurin shekaru a ɗakin ubanta?

Mutum ɗaya ne ya faɗo min a rai: Yaya Sha'aban. Ɗalibin babana ne, a gidanmu ya ci ya sha har ya zama mutum, shi ya riƙe makarar Baba ta gaba. Yanzu jami'i ne a wani ofishi da ba zan kama suna ba, aikinsu kenan kama irin wannan kaya. Na ce in dai akwai mai fitar da ni da Sadiya daga ramin nan, to shi ne.

Ranar Juma'a da hantsi na je. Ya tarbe ni da fara'a, ya kori masu jiransa, ya rufe ƙofa, ya sa aka kawo min lemo mai sanyi. Na kwashe komai na faɗa masa ina kuka, na nuna masa yatsana da ya kumbura. Yana ji yana girgiza kai yana salati.

"Ƙanwata, kin yi abin da maza suka kasa," ya ce. "Da Malam na raye da ya yi alfahari da ke. Yanzu wanda aka ba da aron yana ina? Shi za mu fara ɗaukewa, kar a je a kama bayin Allah da abin da ba su san da shi ba."

Maganar ta shige ni. Abin da na hana Khalil yana murɗe min yatsa, shi na miƙa wa Yaya Sha'aban ina shan lemo.

"Disina. Gidan Malam Gali, baban ƙawata."

"Akwai maza a gidan?"

"Babu, ya yi tafiya."

Ya jinjina kai. "Shi kenan. Je ki gida ki kwantar da hankalinki, kar ki gaya wa kowa kin zo nan. Ki bar min sauran."

Na fito sakayau, har da tsayawa sayen awara a bakin titi. Na koma gida na taya Umma dama kunu, na yi wanka, na yi salla. Aka sauko daga masallaci, ba Khalil ba motarsa. Na ce a raina ƙila har an kama shi. Ina zaune a bakin gado ina shafa wa yatsana man zafi wayar ta yi ƙara.

"Ashe Disina mai gyaran ya koma."

Na karanta, na sake karantawa. Wani saƙon ya faɗo a ƙasansa.

"Yayanki yana gaishe ki. Ya ce kin rame, in riƙa kula da ke."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na danna lambar Sadiya, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake. Sai a na uku ta ɗauka, tana dariya, ina jin hayaniyar ƙannenta.

"Ke amarya, kitso ake min! Ashe haka angonki yake da kirki? Ga mutanensa nan a ƙofar gida da mota, wai ya aiko min da gudummawar biki. Inna ta ce in sa hijabi in je in gaishe su."

"Sadiya, kar ki fita! Ku kulle ƙofa!"

"Me? Ba na jin ki sosai. Ai har sun shigo soro."

"Sadiya, don Allah ki saurare ni, ki ɗauki yaran ku bi ta..."

Na ji sallamar namiji, murya mai kauri. Na ji takun silifas ɗinta. Na ji ta ce, "Wa alaikumus salam, sannunku da zu..."

Wani abu ya bugu da ƙarfi, wayar ta faɗi. Innarta ta ƙwalla salati, yaran suka fashe da kuka. Ina ta ihun sunanta har Umma da Goggo suka faɗo ɗakin a guje. Can na ji an ɗauki wayar daga ƙasa, wani yana numfashi a cikinta.

"Amarya ce?" ya ce, a natse kamar mai tambayar hanya. "Yauwa. Ke kika san gidan. Wane ɗaki ne? Ki faɗa da wuri, don ƙawarki ta ce ita ba ta san komai ba."

Daga bayansa ina jin Sadiya tana kiran sunana.